Masu Gaisuwar Binta

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki, ya Alhaji da yara, ya kuma haƙurin rashin ƙanwarmu Binta?

Ran sadakar uku, abokan zamanta na gidan nakasassun da masallaci ke kula da shi suka zo mana gaisuwa Gwale, wasu a keke, wasu da sanda. Har da Malama Asabe, makauniyar da ta shekara tara tana ba Binta abinci a baki. Kawu Sule, wanda bai taɓa leƙa Binta ba, ya tare su a ƙofar gida, ya miƙa musu waina a leda, ya ce, "Ku yi mata addu'a ku matsa, baƙi na tafe."

Suka yi addu'ar, suka juya.

Da na ji, na zari mayafi na bi su. Malama ta lalubo hannuna ta ce, "Ba komai, Hajiya. An dai sa ta kusa da mahaifiyarku? Kullum roƙonta ke nan."

Yaya, ba a can aka sa ta ba. Ban ma san ta roƙa ba.

Ki yi mata addu'a, mu kuma ki nema mana gafara. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hadiza