Jirgin Ƙaho na Hamidu

Garwa, daren Asabar

Na gaji, amma raina fari ƙal. Tun da na nuna wa ɗalibaina hoton jiragen ruwan alfarma masu gindi biyu, waɗanda iska ke ƙetarawa da su teku, ɗayansu, Hamidu, bai huta ba. Ya haɗa nasa da ƙahonni biyu da ƙyalle. Babansa mahauci ya ce in shirme ne, yaron zai bar makaranta ya koma mahauta.

Yau muka saka jirgin a kogin Binuwai, a gaban babansa. Ya tafi, amma a karkace. Muka jawo shi bakin ruwa.

Baban ya tsuguna ya duba. "Malam, ƙahonnin ba na sa ɗaya ba ne. Zan ba shi na bijimi guda, ya kawo makaranta Litinin."