Makirufon malamar Lailatu

Baban Lailatu,

Na wuce makaranta, ban tashe ka ba. Ka san makirufon da malamarsu ke ratayawa, mai kai magana cikin na'urar kunnen Lailatu? Jiya ta manta ba ta kashe shi ba, ta shiga ofis ta ci shinkafar kabsa har da gyatsa. Sai 'yarka ta miƙe a aji ta ce, "Abla ta ƙoshi, alhamdu lillahi!" Abla suke ce wa malamar. Yanzu malama ta rantse ba ta ƙara rataya shi, alhali in babu shi yarinyar ba ta jin karatu. Zan ba ta haƙuri.

Don Allah kar ka yi dariya a gaban Lailatu.

Af, ran Juma'a ma da yake gida, a kunne yake kan firji, sanda kake gaya wa Hajiya miyata ta cika gishiri. Lailatu ta ji, ta gaya mini. Yau sai ka sayi shawarma.

Safiyatu