Takardun da Gwaggo ta Adana

Nassarawa G.R.A., Kano
9 ga Agusta, 2000

Zuwa ga Yaya Jibrin,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya a Jidda. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri, amin. Mu nan kalau muke. Gari ya cika da zancen ƙaddamar da Shari'a, 'yan siyasa kuma sun hana ƙofarmu hutawa, wai sai Yaya Shu'aibu ya bar jami'a ya karɓi muƙamin kwamishina. Ya ƙi, ka san halinsa.

Shekara uku ke nan yana lissafin yadda lantarki ke ratsa ƙarfe mai tsananin sanyi ba ya raguwa. Ko ƙarfen ba ya taɓawa, biro ne kawai da takarda! Saura mako biyu ya kai aikin taron masana a Italiya, wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙone kwamfutarsa ƙurmus. Takardun hannu kuwa, da ya shigar da su kwamfuta yake watsarwa ƙasa, ya ɗauka tuni shara ta tafi da su. Wallahi Yaya, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Kwana biyu bai ci abinci ba, sai Gwaggo ta kira shi ɗakinta. Faɗa ta fara yi masa, wai duk iliminsa, a garin da ake Shari'a, bai san ba a yar da ayoyi a ƙasa ba. Ta jawo akwatinta na ƙarfe ta buɗe. Ashe alamomin lissafinsa ta gani kamar alif da lam, ta ɗauka Larabci ne. Shekara uku tana tsincewa kafin a yi shara, tana jerawa da turare. Ko ɗaya bai ɓata ba!

Yana dariya yana kuka ya ce mata ba ayoyi ba ne, bayanin yadda ƙarfe yake ne. Ta tambaye shi wa ya halicci ƙarfen. Sai ya durƙusa ya kwashi takardunsa ya koma kan aiki.

Ya gabatar da aikin, an karɓa. Jiya ya dawo da shi bugagge, da sunan Gwaggo, Hajiya Rakiya Lawan, a wurin godiya. Gwaggon da ba ta taɓa shiga aji ba! Na karanta mata, ta ce a karanta mata kuma, sannan ta saka shi a akwatin ta kulle. Ni dai ina alfahari da su biyun.

Gaida Yaya Hajara da su Nabiha da Imran.

Ƙanwarka,
Sakinatu