Wakiliya ta Arba'in

Ɗaki na 214, Talata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya a can hawa na ƙasa. Na ba mai sharar ɗakuna wannan takarda ta kawo maka, tunda mutanenka sun karɓe mana wayoyi a bakin ƙofa, sun zuba a kwali kamar kayan fursunoni.

Kwana biyu ke nan mu arba'in, wakilan jam'iyya na yankinmu, muna kulle a otal ɗin nan, wai kada 'yan ɓangaren Lauya, abokin hamayyar Tsohon Minista, su hure mana kunne kafin zaɓen fid da gwani na ranar Asabar. An ajiye wani ƙato a bakin matakala. Jiya na ce zan fita in sha iska, ya nuna mini fanka.

Don kada ka ce ban faɗa maka ba: ba zan zaɓi Tsohon Minista ya tsaya mana takarar shugaban ƙasa ba. Mutumin da ya sa aka tsare ka wata huɗu don ka yi magana a rediyo? Ni nake kai maka abinci, in tsaya a rana, ɗan sanda yana jujjuya miyar da biro. In ka manta, ni ban manta ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Auta

Ɗaki na 3, Laraba

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na karanta takardarki, na ga har yanzu bakin nan yana nan.

Siyasa ba aji ba ce, kuma ni ba ɗalibinki ba ne. Jam'iyya ta dare gida biyu, dattawa sun zauna sun ce shi. Na tsaya gabansa na yi alkawarin ƙuri'a arba'in cif. Abin da ya faru, ni aka yi wa, kuma na yafe. Sunanki ma ni na sa a jerin wakilai, don an ce dole sai da mata biyar, na ce gara ta gida.

In ba za ki iya ba, akwai hanya ta mutunci. Wakilin da ya kwanta ciwo, doka ta yarda a maye gurbinsa. Likita zai zo ya same ki.

Wassalam.
Yayanki, Shugaban Jam'iyya na Yanki

Ɗaki na 214, Alhamis

Ranka ya daɗe Shugaba,

Ina gaisuwa. Likitanka ya zo. Takardar a rubuce ta fito daga aljihunsa, har da hatimi: wai hawan jini ya kama ni, sai na huta mako guda. Na ce, "Likita, ai ba ka gwada ba." Ya ce, "Malama, ana gani a ido." Na sa ya ɗaura mini abin awon. Lafiya lau. Da na ce ya gwada nasa mu gani, sai ya tattara jakarsa.

Wadda za ta maye gurbina ma na gan ta a baranda tana jira. Ta ɗaura zanen da aka buga hoton Minista, fuskar ta faɗo daidai inda take zama. Wannan kam na yaba mata.

Gara ta gida, ka ce? Wato cikon lamba ka kawo. Shekara goma sha biyu ina bi gida-gida ina yi wa jam'iyyar nan rajistar mata, lokacin shi yana can wata jam'iyya yana kiranmu 'yan iska. Bara ya shigo, yau ni ce mara lafiya!

Ka ce ka yafe. To da ya zo gaishe mu a ɗakin cin abinci, ya ba ka hannu, me ya sa ka goge naka a riga? Ina kallonka.

Allah ya bar zumunci.
Auta

Ɗaki na 3, Juma'a da safe

Auta,

Salam. Bar maganar riga. Kowane yanki da akwatin ƙuri'arsa. In aka buɗe namu aka ga talatin da tara, na bar kujerar nan ke nan, kuma kin san shi ba ya mantuwa. Ba shugaba ke rubuto miki ba, yayanki ne da ya goya ki. Ki sa hannu a takardar likitan ki tafi gida. Don Allah.

Yaya

Ɗaki na 214, Juma'a da azahar

Yaya,

Ina gaishe ka, kuma na ji nauyin roƙonka, wallahi na ji. Amma don ba ya mantuwa ɗin ne ba zan ba shi ƙasa ba. Ga takardar nan na naɗe maka, babu hannuna. Ka ce masa ƙanwarka ce, ba ta jin magana. Duk wanda ya san ni zai shaida.

Sai mun haɗu a layi.
Auta

Ɗaki na 3, Asabar da la'asar

Auta,

Sannu da tsayuwa. Minista ya ci, kamar yadda kika ji. An ce in miƙa makullin ofis ranar Litinin.

Talatin da takwas ya samu a akwatinmu. Suna ta neman wane ne na biyun. Kada ki sauko ɗakina, kuma kada ki tambaye ni.

Ki sauka gida lafiya.
Yayanki