Gadajen Aro a Asibitin Unguwarmu

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rahila da yara. Yaya sanyin Jos, yaya ƙafar taka? Mu nan Nasarawa sai godiya.

Asibitin unguwarmu, wanda Mama ta yi dakon yashinsa tun yana ɗaki ɗaya, wai ya girma, har an buɗe sabon ɗakin kwanciya. Ranar bikin Mama tana kwance ana ƙara mata ruwa. Shugaban kwamiti, mutumin da bai taɓa ɗaga bulo ba, ya sa aka mayar da marasa lafiya can baya wajen janareta, wai kada su ɓata hoto. Sai aka kwantar da 'yan acaɓa, ƙarti lafiyayyu, a kan gadaje masu ƙyalli. Babban baƙo yana ta yi musu sannu, ɗaya har da nishi! Kafin la'asar mota ta kwashe gadajen, ashe na aro ne.

A gaida kowa. Ka sa Mama a addu'a. Ita kuwa ta ce a haɗa da mai nishin nan, da alama ya fi ta jin jiki.

Ƙanwarka,
Ladi