Zarton Auta

Litinin, 3 ga Maris

Ɗana Auta ya sake tayar da maganar sayen injin zarto, irin wanda ake juya kansa ya yanka katako a karkace don haɗa kusurwar firam. Mai hoto ya dawo masa da firam ɗin da ya yi da zarton hannu, wai bakinsu a buɗe. Ya ce in aka kuma, zai nemi wani kafinta. Na ce wanda ya ajiye takardar digiri ya ɗauki guduma ai ya san abin da ya zaɓa.

Laraba, 5 ga Maris

Maƙwabciya ta tambayi aikin da yake yi yanzu. Na ce yana jiran kira daga ofis.

Asabar, 8 ga Maris

Na yarda zan taimaka da kuɗin injin, da sharaɗin in bi shi shagon. Yaran yanzu ƙyalli suke saye.

Mai shagon ya jawo wani ja mai fitila da ke zana layi a kan katako. "Mama, wannan ko makaho ya riƙe sai ya yanka daidai." Na shirya faɗa, sai na ga Auta bai ko kalli fitilar ba. Ya kama hannun injin ya girgiza, ya ce yana rawa. Ya koma kan wani toka-toka mai nauyi, da bai kai jan tsada ba. Ya ciro guntayen katako huɗu daga jakarsa, ya yanka a kowane inji, ya haɗa, ya ɗaga wa hasken ƙofa. Na jan, haske na ratsa kusurwar ƙarshe. Na tokan, ko gashi ba zai shiga ba.

"Umma, yanka ɗaya ba ya nuna karkata. Sai an zo rufe ta huɗu."

Mai shagon ya ce wannan ba ciniki ba ne, jarrabawa ce. Mun ɗauki tokan. Faɗan da na tanada na dawo da shi gida.

Lahadi, 9 ga Maris

Ƙara tun safe. Garin katako har cikin tulu. Na yi magana.

Alhamis, 13 ga Maris

Mai hoto ya karɓi sababbin firam ɗin duka, ya ƙaro aiki. Na ja wa Auta kunne kada kansa ya kumbura.

Ina goge falo na lura firam ɗin takardar digirinsa a buɗe yake ta ƙasa, gefen hagu. Shekara da shekaru ina goge shi ban gani ba. Aikin ha'inci.

Talata, 18 ga Maris

Na sauke firam ɗin digirin na ajiye masa a kan bencin aiki. Da la'asar na tarar ya mayar da takardar bango cikin sabon firam. Na ɗaga wa taga, don tabbatarwa kawai.

Maƙwabciya ta leƙo, ta tambayi inda na saya. Na ce ba saye ba ne, kafintan gidan nan ne ya yi. In tana so ta bi layi.