Akwatin da Malam Ya Buɗe

Zuwa ga 'yata Mai-Ido,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya tare da mahaifiyarki.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙata bayan shekara biyu. 'Yan hannuwan nan namu da muke ƙerawa a ɗakin gwaji domin aikin likita ne suka tayar mana da hankali. Har yanzu muna buga su da na'ura a shimfiɗe, kowanne bai kai ƙwayar yashi ba, kuma da sun ji ɗumi da danshi suna naɗe kansu. Amma gaɓa ta uku tana riga ta biyu rufewa, sai abin ya dunƙule bai kama komai ba. Ke kaɗai kika san kaurin ƙaron da ake shafa wa kowace gaɓa. Nan da mako uku likitoci za su zo ganin gwaji. Ki taimaka ki aiko min da ma'aunin.

Allah ya yi miki albarka.
Malaminki

*

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa. Umma tana amsawa, ko da yake sai da na tuna mata ko wane ne.

Ashe har yanzu ni 'yarka ce? Ranar da ka tsaya gaban kwamitin ladabtarwa, "ma'aikaciyar nan" ka kira ni. Ka ce sakacina ne ya lalata guda ɗari huɗu, aikin wata bakwai. Ni da kai mun san yadda aka yi. Baƙi suka zo, ka buɗe akwatin da ba a buɗewa sai a busasshen ɗaki, ka sunkuya kana yi musu bayani, ko takunkumi babu a fuskarka. Numfashinka ne ya naɗe su tun lokaci bai yi ba. Ina tsaye a bayanka, na ce "Malam!" ka ɗaga min hannu.

Wuri uku na nemi aiki, duk suka tambayi takardar sallamata, suka karanta kalmar sakaci, suka ce za su neme ni. Yanzu a shagon tabarau nake, ina ɗaura ƙananan kusoshi. Idon da kake yabo dai bai rasa abin yi ba.

Abin yana ci min rai, Malam, ba zan ɓoye maka ba. Ka rubuta wa kwamiti gaskiya, a cire kalmar nan daga takardata. Ranar da aka cire, ma'aunin yana kan teburinka.

Na bar ka lafiya.
Ma'aikaciyar nan

*

'Yata,

Na sami saƙonki, ya kuma taɓa ni.

Tsakanina da ke, haka ne, ni na buɗe akwatin, kuma numfashina ne. Na kwana da abin na tashi da shi. Amma ki duba girman Allah ki duba shekaruna. In na faɗi wannan yanzu, ɗakin gwajin ne zai rufe, da mutum tara a ciki. Ke yarinya ce, gaba na gabanki. Abin da zan iya shi ne in sa sunanki a layin godiya, a ƙarshen rahoton. Ki yi haƙuri, ki bar abin da ya wuce.

Saura kwana goma sha biyu.

Naki,
Malam

*

Ranka ya daɗe,

Ina gaisuwa. Layin godiyar ka ba wa wani.

Na gode da ka rubuto min gaskiyar da hannunka, har ka sa hannu. Jiya na nemi izini a shago na kai wa sakataren kwamiti wasiƙar taka. Ya karanta sau biyu, ya ce ka zo ranar Litinin da ƙarfe goma. Na zaci zan ji sanyi a raina da na fito, ban ji komai ba.

Ma'aunin kuwa, ka tambaye ni a gabansu.

Ka huta lafiya.
Mai-Ido